Gidan zamani mai sanyi, ba sai da wutar lantarki ba

Mai karatu, in Allah ya hore maka ƴan kuɗi bayan kaka, ka ce za ka yi gini, mi za ka fara saye? Mafi yawan mutane za su ce siminti da kwano. A ganinsu shi ne ginin zamani, ginin ƙasa kuwa na talaka ne. To, kafin ka kai kuɗinka kasuwa, tsaya mu yi lissafi tare. Ɗaki ba riga ba ne da za ka tuɓe in ta dame ka. Inda ka gina, nan za ka kwana shekara da shekaru, kai da iyalinka.

Mi ya sa ɗakin kwano yake da zafi?

A ƙasarmu Nijar, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Kwano ƙarfe ne marar kauri. Da rana ta buge shi sai ya ɗauki zafi nan take, ya zubo shi bisa kan mutanen ɗaki. Bulon siminti ma ba shi da kauri sosai, zafi ba ya daɗewa yake ratsa shi. Shi ya sa da azahar ba ka iya zama ciki. Jariri ya yi ta kuka, tsoho ya rasa inda za ya sa kansa. Daga nan sai neman fanka. Mai hali ya sa na'urar sanyaya ɗaki, kowane wata ya biya kuɗin wuta masu yawa. Ran da aka ɗauke wuta kuwa, kowa ya ɗauki tabarma ya fita waje.

Bangon ƙasa mai kauri ba haka yake ba. In kaurinsa ya kai santimetir 40, zafin rana yana shigarsa sannu sannu, sai ya yi awoyi da yawa bai kai ciki ba. Kafin ya kai, rana ta faɗi, gari ya fara hucewa. Da dare sai ka buɗe ƙofa da taga, iska ta kwashe zafin. Lokacin ɗari kuma wannan ɗumin da bango ya riƙe shi ne bargonka. Ka gani, bangon yana yi maka aiki dare da rana, ba ya neman ko dala.

Kakanninmu sun san wannan. Dubi gidajen Birni a Damagaram. Dubi hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon metir 27, da ƙasa aka yi ta. A garin Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a a 1962, da ƙasa. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba gine-gine na ƙwarai a duniya.

Matsalar itace

Amma ginin gargajiya yana da tasa wahala. Rufin soro yana cin azara da itace da yawa. Giginyar da ake tsagawa a yi azara tana daɗewa kafin ta girma, kuma ta ragu. Azara mai kyau sai an ɗauko ta daga nesa, kamar yankin Gaya, ga tsada. Wanda bai da hali sai ya sa itace marar ƙarfi, gara ta cinye, rufi ya lotsa.

Akwai maganin wannan, ana ce masa gini ba da itace ba. Asalin dabarar daga mutanen Nuba ne, a kudancin Masar. An fara gwada ta a Nijar a 1980, a garin Cikal kusa da Filinge. Daga baya aka koya wa magina da yawa a jihohi daban-daban. Ana buga ƙananan birki na ƙasa, a shanya su a rana. Magini yana jera su a karkace, kowane layi ya jingina da na bayansa, har rufi ya haɗe ya zama baka ko tulluwa. Ba azara, ba kwano, ba ƙusa. Kuɗin da za ka kai wa mai kanti sai su tsaya cikin gari, hannun magini da masu buga birki da mai amalanke. Sai dai ka kiyaye: irin wannan rufi yana tura bango waje. Kada ka ba wanda bai koyi aikin ba, don kuskure kaɗan yana iya jawo asarar rai.

A birni ma ana ginin ƙasa na zamani. Ana gauraya jar ƙasa da siminti kaɗan, a matse ta cikin inji, ta fito birki mai ƙarfi da santsi, ba a gasa shi da wuta ba. Da irinsa aka gina gidaje shida masu bene a Yamai, waɗanda ake kira Niamey 2000, aka gama su a 2016. Cikin waɗanda suka tsara su akwai ƴar ƙasarmu, Mariam Issoufou Kamara. Ke nan ƙasa ba alamar talauci ba ce.

Tun ran gini, tun ran zane

Sanyin ɗaki tun ranar aza harsashi ake neman sa. Ga abubuwan da za ka gaya wa magini.

Na ɗaya, fuskar ɗaki. Rana daga gabas take fitowa, ta faɗi yamma, kuma ranar la'asar ta fi cutar da bango. Saboda haka dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, gajeru su dubi gabas da yamma. Kada ka buɗe babbar taga a yamma.

Na biyu, hanyar iska. Taga guda ba ta isa. Ka yi biyu suna duban juna, iska ta shiga nan ta fita can. Iska mai zafi sama take tashi, don haka ka bar ƙaramar kafa can kusa da rufi, ka sa mata raga saboda sauro. Ɗaki mai tsawo ya fi gajere sanyi.

Na uku, inuwa. Ka kafa rumfa gaban ɗaki, nan iyali za su wuni. Ka shuka dogon yaro ko mangwaro yamma da gini, amma ka ja baya ƴan taku, don kada saiwa ta tsaga harsashi.

Na huɗu, launi. Farin abu yana mai da hasken rana, baƙi yana shanye shi. Shafa farar ƙasa a bango da bisa rufi yana rage zafi. In kuwa ka riga ka yi rufin kwano, ba a makara ba. Ka shafa masa farin fenti, ka yi rufi na biyu ƙarƙashinsa da katako ko tabarmi, ka bar fili tsakani inda iska za ta ratsa.

Na biyar, madafa. Uwargida, wannan naki ne, kada a yi shawarar gini ba ki nan. Madafa ta kasance dabam da ɗakin kwana, da kafar fitar hayaƙi. Murhu mai tattalin itace, na ƙarfe ko na laka, yana tsare wuta ƙarƙashin tukunya, iska ba ta watsa ta. Itace kaɗan ya ishe ki, hayaƙi kuma ya ragu a idonki da ƙirjin yara.

Gidan da aka tsara haka ba ya bukatar wuta mai yawa. Ƙaramin faifan sola guda da batir sun isa su kunna ƙwai biyu ko uku, a caja waya, yara su yi karatun dare.

Ruwa shi ne abokin gaban ginin ƙasa

Kada wani ya ruɗe ka, ginin ƙasa yana son kulawa. A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje da yawa a ƙasarmu, har da tsohon masallacin Damagaram. Saboda haka kada ka gina cikin fadama ko kan hanyar ruwa, ko da filin kyauta ne. Harsashi ya zama na dutse ko siminti, ya ɗaga sama da ƙasa. Indararo ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Kowace shekara, kafin ruwan farko, ka hau bisa soro ka duba, ka toshe tsaga, ka sabunta yaɓe, musamman bangon gabas inda hadari yake bugawa. Aikin kwana biyu ne, amma shi ke tsare gida da mutanen ciki.

Tambayoyi

1. Mi ya sa ɗakin kwano yake zafi da rana?
2. Wane gari aka fara gini ba da itace ba a Nijar, kuma a wace shekara?
3. Ina ya kamata dogayen bangaye su duba?
4. Faɗi abu uku da ke tsare ginin ƙasa daga ruwa.

Aiki

Zana gidanku a takarda. Rubuta gabas, yamma, kudu da arewa. Nuna ɗakin da ya fi zafi, sannan ka rubuta layi uku bisa abin da za ka gyara kafin bazara mai zuwa.