Zumunci da Sayen Kayan Sata a Ƙasar Makarfi

Nasarawan Doya, wadda take ɗaya daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Makarfi a arewacin Jihar Kaduna, ƙasa ce ta manoma, kamar maƙwabtanta na Ikara da Kudan, inda rake da masara da tumatir suke riƙe da gidaje damina da rani. Dukiyar manomi a wannan yanki ba ta wuce injin ban ruwa, da shanun huɗa, da babur, da buhunan taki da na hatsi ba, kuma kowanne daga cikinsu abu ne da ake iya ɗauka ko korawa cikin dare ɗaya. Sai dai ɓarawon da ya ɗauke inji daga fadama bai sami komai ba tukuna, har sai ya gamu da wanda zai mayar masa da injin kuɗi. Wannan mutum na biyu, wanda shari'a take kira mai karɓar kayan sata, shi ne ginshiƙin sana'ar, kuma sau da yawa yakan kasance ɗan'uwa ne na jini.

Dalilin haka yana cikin tsarin kasuwa kanta. Baƙon da ya kai sa kara, wato wurin cinikin dabbobi, ba ya sayarwa sai ta hannun dillali, wanda yake cin la'ada a bisa sharaɗin cewa ya san mai dabbar ko ya san wanda ya san shi, kuma idan magana ta taso daga baya shi za a fara nema. Haka mai sayar da babur a kasuwar Makarfi ko a Zariya yakan sha tambaya game da rasit da lambar inji. Duk waɗannan shingaye ba su da aiki a zauren gida. Ƙane yakan shigo bayan sallar isha da inji a cikin buhu, ya ce, "Yaya, wani abokina ne matsuwa ta kama, ka ba da abin da ya sawwaƙa," yayan kuwa, ko da ya lura an kankare lambar, ga kuma lakar wata fadama ba ta gama bushewa a jikin injin ba, sai kunya ta hana shi tambaya, arahar kuma ta ƙarasa rufe masa baki. A nan ne ake kawo karin maganar nan cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, alhali waɗanda suka yi karin maganar, magani suke nufi a nema wa hannun.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Zazzau, sun yi bayanin wannan mas'ala a babin da suke kira istihƙaƙi, wato mutum ya ga abinsa a hannun wani, ya kawo shaidu, alƙali ya tabbatar masa da shi. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halil, sun tafi a kan cewa sata ba ta raba mai abu da mallakarsa, saboda haka cinikin ɓarawo ba ya ba mai saye komai, ko da kayan sun bi hannu biyar. Wanda ya saya bisa rashin sani ba shi da zunubi, amma zai mayar da kayan, sannan ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Wanda kuwa ya saya yana sane, hukuncinsa ɗaya da wanda ya ƙwace, ta yadda ko sa ya mutu a turkensa ko inji ya ƙone a hannunsa, biya yana kansa. Abin lura shi ne, yayan da ya sayi kaya don ya rufa wa ƙanensa asiri, da kansa ya buɗe hanyar da wata rana zai tsaya gaban alƙali yana neman kuɗi a wurin ƙanen nan.

Tarihin Madina ma ya adana irin wannan al'amari. Malaman tafsiri sun ruwaito, a bayanin ayoyin Suratun Nisa'i daga ta 105 zuwa ta 113, cewa wani mutum daga gidan Banu Ubairiƙ ya saci sulke, da aka matsa bincike sai aka jingina laifin ga wanda bai ji ba bai gani ba, danginsa kuma suka tafi wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna neman ya wanke ɗan'uwansu. Ayoyin sun sauka suna hana kare maha'inta, kuma zargin bai tsaya kan ɓarawon shi kaɗai ba, ya haɗa da waɗanda suka kwana suna shirya masa mafita.

Dokar ƙasa ba ta yi sassauci ba. Final Kod, wato kundin laifuffuka na Arewacin Nijeriya da aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a sashe na 317 ga wanda ya karɓa ko ya riƙe kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya gane na sata ne. Jihar Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017, laifin kuma yana nan. Gaɓar da ta ce ko yana da dalilin da zai sa ya gane na sata ne ita ce mutanen karkara suka fi jahilta, domin cewar mutum bai tambaya ba ba ta fitar da shi, matuƙar farashin da lokacin cinikin da halin mai sayarwa sun isa su sa mai hankali ya tsargu. Idan kayan na fashi da makami ne, dokar tarayya ta 1984 ta yanke ɗaurin rai da rai ga mai karɓa. Babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta keɓe yaya, ko kawu, ko suruki.

Ɓarnar kuma takan wuce gidaje biyun da abin ya shafa. A 2021, sa'ad da satar shanu da garkuwa da mutane suka tsananta, gwamnatin Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru, ta kuma hana safarar dabbobi, domin an fahimci cewa ta kasuwa ɓarayin daji suke samun kuɗi da guzuri. Dillalai da mahauta da masu abinci waɗanda ba su taɓa kusantar dabbar sata ba, su ma sun zauna a gida.

Ba a musun cewa matsayin wanda ɗan'uwansa ya kawo wa kaya yana da wuya, musamman idan uwa tana raye, tana roƙon kada a tona asirin gida, ga kuma gorin da zai biyo baya a wurin biki da suna. Amma tsakanin saye da kai ƙara ga 'yan sanda akwai matakan da al'ada ta tanada. Na farko shi ne ya ƙi saye kuma ya ƙi ajiya, domin ajiyar ma laifi ce a doka. Daga nan ya sanar da babban gida, a zaunar da yaron, a gano inda kayan suka fito, a mayar ta hannun mai unguwa ko dagaci, waɗanda galibi cigiya ta riga ta iso gare su, su kuma suka san maganar da za ta ƙare a sulhu da wadda dole a miƙa wa hukuma. Malamai sun ambaci wata hanya ta daban, wato mutum ya fanshi kayan daga hannun ɓarawo da niyyar mayar wa mai su, kuma a zance mafi rinjaye mai fansar yana iya karɓar abin da ya biya. Amma wanda zai bi ta sai ya kafa shaidu tun kafin ya miƙa kuɗi, ya kuma kai kayan wurin mai unguwa a ranar, domin idan aka iske su a rumbunsa bayan mako guda, babu alƙalin da zai iya bambanta shi da mai saye.