Ciwon Diddigen Asuba: Abin Yi da Abin Bari

Akwai wani ciwon diddige da lokacin zuwansa ke tona masa asiri. Mutum ya kwana lafiya lau, an kira assalatu, ya sauko da ƙafa zai ɗauki buta, sai wata suka ta kama shi a ƙarƙashin diddige har ya dafa bango. Ya ɗingisa ya yi alwala, ya ɗingisa zuwa masallaci, kafin a shafa addu'a ciwon ya lafa. Da hantsi ya zauna a shago ko a ofis, yana miƙewa sukar ta dawo. Da yamma kuma, bayan ya wuni a tsaye, sai ta koma zugi.

Tushen abin yana tafin ƙafa. Akwai wata jijiya mai faɗi da kauri da ta taso daga ƙashin diddige ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa, kamar yadda tsirkiya ke riƙe da baka. Idan aiki ya fi ƙarfinta, sai ta fara lalacewa a daidai inda ta manne da ƙashi. Da dare ƙafa tana sake, jijiyar ta takure, takun farko na safe ya fizge ta. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa, kuma ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60. Yana warkewa, sai dai yana da taurin kai. Masu wahala da shi kashi biyu ne: masu raina shi har ya shekara, da masu tsorata su kai ƙafar inda za a tsaga ta. Ga dokokin, kuma a bi su duka.

Ka nemo wurin da yatsa ɗaya. Ka zauna ka ɗora ƙafar a kan gwiwa, ka danna ƙarƙashin diddige ta ɓangaren ciki, wato gefen da ke kallon ɗaya ƙafar, daidai inda diddige ya ƙare kwarin tafin ƙafa ya fara. In wannan ciwon ne, akwai ɗan wuri guda da kana taɓa shi za ka zabura. Sannan ka kama yatsun ƙafar ka tanƙwaro su sama wajen ƙwauri. Za ka ji jijiyar ta ɗame a ƙarƙashin fata, sau da yawa ciwon ya ƙaru.

Ka riƙe lokutan ciwon a ka: takun farko na safe, miƙewa bayan dogon zama, da ƙarshen wuni. Su ne farkon abin da likita zai tambaya, kuma da su da danna wurin yakan gane ciwon ba tare da hoto ba.

Kada ka ce tunda ya lafa bayan ka ɗan taka, ya tafi ke nan. Jijiyar ce ta ɗumama kawai.

Kada ka kira shi sanyi. Mun saba jingina kowane ciwon gaɓa ga sanyi, daga nan sai a shiga shan jiƙo da kafso. Babu ƙwayar cuta a wannan ciwo, don haka maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da aikin yi a nan. Wani ma cutarwa yake yi: Cipro, da ake saya barkatai da sunan taifot, an san shi da raunana agara har ta tsinke, musamman ga tsofaffi.

Ka tambayi kanka abin da ya canja a 'yan watannin nan. Sau da yawa akwai amsa. Malamin makaranta da aka ƙara wa darussa, ma'aikaciyar jinya da ke kwana tana zirga-zirga a kan siminti, yaron shago a Kantin Kwari da ba ya samun zama sai azahar, ɗan hidimar ƙasa da ya faɗa fareti na mako 3 ba shiri, mai juna biyu da cikinta ya tsufa, magidancin da ya ƙara ƙiba, ko wanda likita ya ce ya motsa jiki sai ya fara da gudu mai nisa rana ɗaya. Har da wanda ya tare a sabon gida mai tayil yana yawo ba takalmi. Masu shafaffen tafin ƙafa da masu kwari mai zurfi sun fi saurin kamuwa, haka ma wanda naman sharaɓarsa ya ɗaure. In ba ka gano abin da ya jawo shi ba, za ka yi ta magani kana mayar da ƙafar inda ta samo ciwon.

Kada ka ɗauka duk ciwon diddige wannan ne. Nan ne kuskure ke da tsada, don haka a karanta da kyau. Idan ciwon a bayan diddige yake, inda bakin takalmi ke gogawa, to maganar agara ce. Idan ka ji wani abu ya tsinke a can baya kuma ka kasa ɗagawa ka tsaya a kan yatsu, ka tafi asibiti a ranar. Idan akwai ƙuna, ko minjirya, ko wani sashe na tafin ƙafar ya mutu ba ka jin taɓi, to wata jijiyar ji ce ta matse a idon sawu ko tun daga gadon baya. Idan ka matse diddigen ta gefe da gefe ya yi ciwo, ga kumburi, kuma kana ƙara tafiya yana ƙara tsanani, zai iya yiwuwa ƙashin ya tsage, abin da ke samun kuratan soja da masu gudu. Idan wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ga zazzaɓi, kada ka kwana a gida, ballantana in kana da sikila. Idan ciwon yana tashin ka daga barci ba tare da ka taka ba, a duba shi. Saurayin da diddigensa biyu ke ciwo, kuma bayansa ke sanƙarewa da safe fiye da rabin awa, ya nemi likita ya faɗa masa duka biyun, domin akwai nau'in amosanin gaɓɓai da ke fara nuna kansa ta diddige.

Kada ka yi wa yaro hukuncin babba. Ɗan shekara 8 zuwa 14 da ke ɗingishi bayan ƙwallo, yawanci mahaɗar girma ce ta ƙashin diddigensa ke shan wuya. A rage masa wasan, a kai shi a gani, a daina ce masa raki.

Mai ciwon sukari, kai dokarka daban ce. Kowane ciwo a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, na asibiti ne tun ranar farko. Kada ka gasa ƙafa da ruwan zafi, kada ka kanga ta a garwashi, kada ka sa reza a kaushi ko faso. Sukari yana kashe ji a ƙafa, sai mutum ya ƙone bai sani ba, kuma gyambon da ya fara a tafin ƙafa ya sha kai mutane ga yanke ƙafa. Ka duba tafin ƙafarka kullum, in ba ka iya gani ka sa madubi ko ka sa wani ya duba maka.

Kada ka yarda a yi maka tsaga, ko sakiya, ko ƙaho a diddige. Wanzami yana da aikinsa, mai ɗori ma haka, amma a nan babu mugunyar da za a fitar, babu mataccen jini, babu ƙashin da ya goce. Abin da za ka samu shi ne rauni a wurin da ke ɗauke da nauyinka duka kuma yake taka ƙasa, sannan tabo mai tauri da zai iya fin ciwon farko daɗewa. Na nanata wannan ne don ciwon yakan kai wata da watanni, kuma a tsakiyar gajiya ne 'yan uwa ke zuwa da shawarar a gwada na gida.

Kada hoton ƙashi ya firgita ka. Sau da yawa yakan nuna wani ɗan tsini a ƙarƙashin diddige, sai mutum ya ce ga ƙayar da ke sukarsa, a cire. Mutane da yawa suna da wannan tsini ba su taɓa jin ciwo ba, da yawa kuma suna ciwon ba su da shi. Masu warkewa suna warkewa tsinin yana nan daram.

Ka raba ƙafarka da silifas ɗin roba. Ga gwaji: ka ɗauki takalminka ka lanƙwasa shi. In ya naɗe biyu a tsakiya, bai tallafi komai ba. Takalmin kirki a wajen yatsu kawai yake lanƙwasawa, ƙasansa da kauri da ɗan laushi, diddigensa da ɗan tudu kaɗan, kuma yana riƙe bayan ƙafa. Kambas mai kyau ya wadatar, ko da na gwanjo ne, muddin ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba. Ana sayar da 'yar matashiyar diddige ta roba mai laushi a manyan shagunan magani, ka sa a ƙafa biyu. Ka ajiye takalmin a bakin gado, takunka na farko ya kasance a cikinsa. Kada ka taka siminti ko tayil ba takalmi, ko da daga ɗaki zuwa bayi ne. Hajiya, takalmi mai tsini na biki a ajiye shi tukuna, haka ma mai shafe lamɓas da ake sawa a tsakar gida.

Ka miƙar da jijiyar kafin ka sauko daga gado. Wannan shi ne ainihin maganin, kuma shi aka fi rainawa don ba a sayensa. Kana zaune, ka kama yatsun ƙafar ka jawo su sama har ka ji tafin ya ɗame, ka ƙirga 10, ka saki. Sau 10. Ka maimaita da rana da dare, da duk lokacin da ka daɗe a zaune. Sannan sharaɓa: ka dafa bango, ƙafa mai ciwo a baya, gwiwarta a miƙe, diddige a manne da ƙasa, ka karkata gaba har ka ji ja a bayan ƙafa, ka riƙe daƙiƙa 30, sau 3. In ba ka iya kaiwa ga yatsunka, ka rataya tawul ko gyale a tafin ƙafar ka ja. Ja za ka ji, ba suka ba. In ya zama suka, ka sassauta. Kada ka yi kwana uku ka ce bai yi ba, makonni ake yi kafin a ga bambanci.

Da yamma ka mirgina tafin ƙafa a kan gorar ruwa mai ƙanƙara na minti 10 zuwa 15. In ƙanƙarar leda ka samu, ka naɗe ta a tsumma, kada ta taɓa fata kai tsaye.

Kada ka kwanta gaba ɗaya, kada kuma ka yi ta maza. Ka rage tsayuwa da doguwar tafiya, ka dakatar da gudu da ƙwallo, ka koma keke in kana son motsa jiki. Mai sana'ar tsaye ya nemi kujera ya riƙa zama tsakanin ciniki, ya shimfiɗa wani abu mai laushi inda yake tsayawa. Mai ƙiba ya rage, domin duk abin da ya sauka daga jiki ya sauka daga kan diddige.

Ka yi tanadi don ibada. A tarawihi da tahajjud ka tsaya a kan darduma mai kauri, kuma in tsayuwar ta gagara ka tambayi malaminka hukuncin salla a zaune, sauƙin yana nan. Maniyyaci kuwa ya sani cewa tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sawu 7 na sa'ayi sun haura kilomita 3 a kan daɓen marmara, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Kada ka ɗauki wannan ciwo ka hau jirgi da shi kana cewa zai bari a can. Ka fara jinya da watanni.

Kada ka mayar da maganin kashe zafi abinci. Farasitamol ko ibufurofen na 'yan kwanaki ba laifi ga mai lafiya. Amma ibufurofen da dikilofenak, in aka daɗe a kansu, suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai likita ya ce. Haɗin da ake ƙullowa a leda ba suna ba kwali, kada ya shiga bakinka. Tiramol kuma ba shi da gurbi a wannan ciwo ko kaɗan.

Kada ka bari a yi maka allura a diddige a kemis. Akwai allurar da likitan ƙashi kan yi in sauran hanyoyi sun gaza, tana ba da sauƙi na ɗan lokaci. Amma tana da haɗari: in aka yawaita ta, jijiyar na iya tsinkewa, kitsen da Allah Ya shimfiɗa a ƙarƙashin diddige kuma yana iya zagwanyewa, kuma in ya tafi da wuya ya dawo. Allurar da likita ke auna ta kafin ya yi, ba ta hannun wanda ya koyi allura da gani ba ce.

Kada ka roƙi a yi maka tiyata. Kusan mutum 9 cikin 10 suna samun sauƙi ba wuƙa, yawanci cikin shekara guda, kuma likitoci ba sa kawo maganar aiki sai an yi wata 6 zuwa 12 ana bin hanyoyin nan ba nasara.

Ka ba kanka mako 2 kana bin waɗannan dokoki. In babu alamar sauƙi, ko ciwon ya hana ka neman abinci, ka tafi asibiti ka nemi a tura ka sashen gashin ƙashi. Akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da sauran manyan asibitoci. Can za a duba yadda kake taku, a koya maka motsin da ya dace da ƙafarka, a ɗaure tafin da filasta in da buƙata, ko a ba ka abin da ke riƙe ƙafa a miƙe da dare. In za ka tafi, ka ɗauki takalmin da ka fi sawa kullum, da kwalayen duk maganin da ka sha, har da na gargajiya, ka ajiye su a gaban likita.