Labadi ko Kokrobite? Amsa ga Masu Shirin Hutu a Akara

Wasiƙu uku ne suka zo filin amsa tambayoyi na wannan mako a kan magana ɗaya, sai mai gabatarwa ta haɗa su wuri guda. Ta farko daga wani magidanci ce a Zariya. Yana son kai maiɗakinsa da yara huɗu Akara, babban birnin Gana, su ga teku, amma ya tarar da gidajen haya birjik a Airbnb, kowanne an ce yana kusa da bakin ruwa. Wanne zai kama?

Mai gabatarwa ta ce wa Malam ya fara ajiye hotunan a gefe, ya zaɓi unguwa tukuna. Ga mai iyali, ita Labadi ta fi kwanta mata a rai. Nan ne bakin tekun da ya fi suna a birnin, ana biyan kuɗin shiga, akwai dawakai da ake ɗora yara a kai, kuma filin jirgin sama ba shi da nisa. Sai dai Asabar da Lahadi kiɗa ba ya tsayawa sai dare ya raba. Wanda ke son yaransa su yi barci da wuri, gara ya ja baya kaɗan zuwa Labone ko Cantonments, inda haya ta fi tsada amma kunne ke hutawa. Daga can kuma Nima da Mamobi na kusa, inda za a yi ciniki da Hausa, a karya da koko da ƙosai, a ci wake da shinkafa da mutanen Gana ke kira waakye. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, shi ma yana wannan ɓangaren, don haka Juma'a ba za ta zama aiki ba.

Ta daɗe a kan gargaɗi ɗaya. Tekun Akara yana da igiyar da ke jan mutum ta ƙasa zuwa ciki, har gwanayen iyo takan kayar. Yaron da ya saba da wankan rafi bai san wannan ba. A bar su su jiƙa ƙafa, hannunsu a hannun babba.

Wasiƙa ta biyu ta wata amarya ce daga Maraɗi, wadda ta ji ana yabon Kokrobite. Yabon gaskiya ne, in ji mai gabatarwa: ƙauyen masunta ne a yammacin birnin, kwale-kwale jere a kan rairayi, haya kuma da sauƙi. Amma hanyarsa ita ce titin da ke bi ta mahaɗar Mallam zuwa Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmar kasuwa ya fito, kuma cunkoson wannan titi sananne ne. Ango da amaryar da suka zo zama wuri ɗaya za su ji daɗi. Waɗanda ke son kullum su leƙa kasuwar Makola ko Osu, rabin hutunsu a cikin mota zai ƙare. Ta ƙara da cewa masu neman ɗanyen kifi kada su sa rai ranar Talata, domin a al'adar Ga masunta ba sa fita teku ran nan.

Sannan ta koma kan gidan kansa. Tambayar farko ruwa: akwai tanki, kuma wa ke cika shi in famfo ya ɗauke? Teshie da Nungua, gabas da Labadi, sun daɗe da fama da wannan matsala. Ta biyu wuta, tunda ɗaukewarta har suna gare ta a Gana, dumsor. Akwai janareta? Wa ke sa kuɗi a mita? Iskar gishiri kuma tana cin ƙarfe, shi ya sa na'urar sanyaya ɗakin da ke sheƙi a hoto takan zama tsatsa zalla. A nemi mai gida ya turo bidiyon yau, ya kuma ba da adireshin GhanaPost GPS a duba nisan a taswira. Duk wanda ya ce a bar manhajar Airbnb a tura masa kafin alƙalami ta waya, a yi masa sallama.

Mai wasiƙa ta uku, ɗan kasuwa daga Kano, lokaci ya tambaya. Damina mai ƙarfi daga Afrilu ce zuwa Yuni, kuma ambaliya takan sha unguwannin da ke kwari. Disamba ba a cika ruwan sama ba, amma tun bikin Shekarar Komawa Gida na 2019 baƙi daga Amurka da Ingila ke cika birnin a wannan wata, haya ta yi tashin gwauron zabi. Ta ce wa Alhaji in da hali ya dakata zuwa tsakiyar Janairu. Fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ya tabbata katin rigakafin shawara yana aljihunsa kafin ya isa iyakar Gana a Aflao.