Sabuwar waya, tsohon layi: abin da nake gaya wa masu saye a shagona

Sana'ata sayar da waya ce da gyaranta a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma tambayar da ta fi yawo a bakin kantata ita ce: "Malam, in na sa layina a wannan, tsarina zai canja?" Amsar a taƙaice, a'a. Tsarin kiranka da na data, da katin da ya rage, da garaɓasar da kake samu, duk a kan lambarka suke a wurin kamfani, ko MTN ne ko Airtel ko Glo. Wayar gida ce kawai, layin ne mai gidan. Ka zare shi daga tsohuwa ka zura a sabuwa, abin da ka bari shi za ka tarar. In kana kokwanto, danna *310# ka ga kuɗinka, *323# ka ga datarka. Tun 2023 hukumar NCC ta daidaita waɗannan lambobi, kowane kamfani da su yake aiki.

To me ya sa mutane ke dawowa bayan kwana biyu suna rantsuwa an sauya musu tsari?

Domin sabuwar waya mayunwaciya ce. Ranar da aka kunna ta, za ta sauke manhajoji, ta sabunta kanta, ta jawo hotunanka da tsoffin saƙonnin WhatsApp daga Google. Bayan nan, da yake allonta ya fi kyau kuma intanet ɗinta ya fi gudu, YouTube da TikTok da Facebook za su riƙa kawo maka bidiyo mai nauyi ba tare da sun tambaye ka ba. Datar da ta saba kai ka wata sai ta ƙare a mako biyu. Ga shi kuma tun farkon 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, don haka zafin ya zama biyu. Maganin shi ne a yi saitin farko a kan Wi-Fi, a hana Play Store sabunta manhaja da datar layi, a kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp. Mai layi biyu kuma ya duba wanne wayar ta zaɓa don hawa intanet. Sau da yawa takan kama layin da ba shi da data, ta cinye katin kira ƙurmus.

Sai batun girman layi. Tsofaffin layuka manya ne, wayoyin yanzu kuwa ƙaramin nan suke ɗauka, wanda ake kira nano. Akwai masu yanka shi da almakashi ko reza. Wani lokaci a dace, wani lokaci a taɓa zinaren ya mutu, ko ya maƙale a rami ya karya ƙafafun da ke karanta shi, gyaran da ya fi kuɗin mota zuwa ofishin kamfani tsada. Ko an dace ɗin ma, layin da aka saya tun zamanin 3G ba lallai ya hau 4G ba, balle 5G da MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023. Ka sayi waya mai gudu ka ɗaure mata ƙafa kenan. Abin da ya dace shi ne a je ofishin kamfani a yi walkam bak: lamba ɗaya, tsari ɗaya, sabon kati. Amma kafin a je, a kwashe lambobin mutane da ke kan tsohon layin zuwa waya ko Gmail, don sabon katin fanko yake zuwa.

A nan ne babbar matsalar take, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Walkam bak galibi sai mai layi, da lambar NIN ɗinsa, da fuskarsa ko yatsansa. Mutanenmu da yawa kuwa layin da ke hannunsu ba sunansu ne a kai ba. Hajiya tana riƙe da layin da mijinta ya yi wa rajista. Saurayi yana amfani da na mahaifinsa da ya rasu. Wani kuma a bakin titi ya saya da rajistarsa a shirye, bai san ma sunan wa ke kai ba. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a Disambar 2020 wannan ƙofa take ƙara tsukewa. Muddin tsohon katin yana aiki, ba wanda ke tunawa. Ranar da ya mutu a hannun mai yanka, ranar ce za a gane asusun banki da BVN da WhatsApp da lambar da abokan ciniki suka sani duk suna rataye a kan abin da ba za a iya karɓowa cikin sauƙi ba. Na ga dattijuwa ta zauna a kan bencina tana kuka, ba don wayar ba, don saƙon banki ya daina shigowa kuma mai sunan yana ƙasa. Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki nemi takardun rasuwa da na gado ki kai ofis, ki kuma je banki su mayar da asusun kan layin da ke da sunanki." Hanya ce mai tsawo. Wanda mai sunan layinsa ke raye, ya ja shi su je tare a mayar da rajistar tun katin na da rai.

Masu sayen wayar da aka yi amfani da ita a waje, ku buɗe ido. A Amurka kamfanonin layi irin su AT&T da T-Mobile kan sayar da waya a biya da kaɗan-kaɗan, su kulle ta a kan layinsu har a gama biya. In irin wannan ta faɗo hannunka, layinka ba zai hau ba. Sannan daga iPhone 14 ta 2022, samfurin Amurka ba shi da ramin layi sam, sai eSIM. MTN da Airtel suna mayar da tsohuwar lamba ta koma eSIM, amma shi ma sai mai layi ya je da kansa. Kada ka biya kuɗi sai ka sa layinka ka kira wani, ka kuma hau intanet a gaban mai sayarwa. Ɗan kasuwar da ya hana ka wannan gwaji, ka ba shi kayansa.

Wasu kan ce tunda an samu sabuwar waya bari a sayi sabon layi saboda garaɓasar sabon shiga. Ba laifi, amma kada a jefa tsohon a durowa. Layin da ya yi watanni ba kira, ba data, ba loda kati, kamfani na rufe shi, daga baya ya sayar wa wani da lambar, kuma saƙon bankinka shi zai riƙa shigar wa. Wanda kamfanin ne ya gundure shi, tun 2013 ana iya ƙaura zuwa wani da lamba ɗaya. Sai dai a nan kam tsarin zai tafi, tare da kati da datar da suka rage, don haka a cinye su tukuna.

Tsohuwar wayar kuma, kafin ka ba ƙaninka ko ka kawo mana musaya, fitar da asusun Google ko iCloud, ka zare layi da memori, sannan ka goge ta gaba ɗaya. Layin da ya koma sabuwa, sa masa PIN don ɓarawo ya kasa shiga bankinka da shi. In ka yi kuskuren PIN sau uku zai nemi PUK, wadda ke rubuce a jikin babban katin da layin ya zo a ciki. Kada ka yi ta cankar ta, kuskure goma ke kashe layi. In katin ya ɓace, kira 300 daga wani layin na kamfanin su ba ka.