Wai Harafin Farkon Sunanka Ya San Halinka?

A zangon karatun da ya wuce, wata ƙawata da muke ɗaki ɗaya a hostal ta kusa rabuwa da saurayinta, wanda iyayenta suka riga suka sani har an fara maganar kawo kuɗin gaisuwa. Ba da wata ta kama shi ba, ba kuma ƙarya ya yi mata ba. Wani saƙo ne ya zagayo a WhatsApp yana cewa maza masu sunan da ya fara da harafin S akwai daɗin baki, amma ba sa cika alkawari, kuma suna ɓoye abin da ke ransu. A makon ne ya ce mata zai zo ranar Asabar, bai zo ba. Sai ta ɗauki rashin zuwan ta ɗora a kan saƙon. Kwana uku yana kira ba ta ɗauka.

Na san yawancinmu mun ga irin saƙon nan. Masu A wai shugabanni ne, masu son girma. Masu M haƙuri da aiki tuƙuru. Masu F tausayi da kishi. Ni ma na nemi nawa na karanta, kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗinsa. Sai dai shekara biyu ina zaune a ajin ƙididdiga, kuma abu na farko da ake cusa mana shi ne idan aka kawo maka magana, ka tambayi inda aka samo ta da yadda aka auna ta. Wannan tambayar na bi, ga kuma abin da na tarar.

Tun kafin a je ga bincike, akwai matsalar da ke cikin sunayenmu su kansu. Ɗauki Khadija. A takardar makaranta K ce, a gida Hadiza ce, wajen kakarta kuwa Dije. To wane hali za mu ba ta, na K, na H, ko na D? Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. Fatima Binta ce, A'isha Indo ce. Usman ɗin Katsina da U yake rubuta sunansa, amma ɗan baffansa da ke Maraɗi, saboda rubutun Faransanci, Ousmane yake rubutawa, da O. Suna ɗaya, kaka ɗaya, iyaka ce kawai ta raba su. Shi ke nan halinsu ya bambanta?

Idan muka koma Larabci, inda yawancin sunayen nan suka fito, lissafin sai ya ƙara rikicewa. Aliyu, Umar, Usman, Isa, A'isha da Abdullahi duk da harafi ɗaya suke farawa, wato ainun, wanda muka sani da ambaki a makarantar allo. A boko kuwa sun watse zuwa A da U da I. Ahmad, Amina da Ibrahim da alif suke farawa. Ke nan Aliyu da Ahmad, da saƙon ya zuba a kwando ɗaya ya ce halinsu ɗaya, a asali ba harafi ɗaya ba ne. Ɗanjuma da Ƙasimu kuwa ba su ma da gurbi, don wanda ya tsara jerin bai san akwai Ɗ da Ƙ a duniya ba. Haruffan Turanci 26 kawai ya sani.

To me ya sa in mutum ya karanta nasa sai ya ji kamar an leƙa zuciyarsa? Wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya amsa wannan tun a 1948. Ya ba ɗalibansa 39 wasu tambayoyi suka amsa, ya ce zai fitar wa kowa bayanin halinsa. Bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda da sunansa a kai, ya ce su auna yadda bayanin ya dace da su, daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Daga baya ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa, jimloli 13, kuma yawancinsu daga wani ɗan littafin duba taurari da ya saya a wajen mai sayar da jarida ya tsamo su.

Sirrin yana cikin yadda ake gina jimlolin. Za a ce kana son mutane su yaba maka, amma kana yawan zargin kanka. Za a ce wani lokaci kana son shiga jama'a, wani lokaci ka fi son kaɗaici. Za a ce kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba. Don Allah wa wannan bai dace da shi ba? Jimlar tana riƙe da abu da kishiyarsa, duk ɓangaren da ka faɗa ta tare ka. Sauran aikin kai kake yi da kanka: kana tuno ranar da abin ya faru da kai, kana manta ranakun da bai faru ba. Masana suna kiran wannan tasirin Forer, wasu kuma tasirin Barnum, sunan da Paul Meehl ya raɗa masa a 1956.

Na gwada abin a hostal, ba a matsayin bincike ba, don dai in gani da idona. Na kwafi bayanin harafin F, na goge F ɗin, na tura wa 'yan ɗakunan da ke kusa da mu, kowace na sa harafin sunanta a sama. Amsoshin da suka riƙa dawowa su ne "wallahi ni ce sak" da "ke, wa ya gaya musu?" Ɗaya ce kawai ta ce ba ta yarda ba, ita ma don an ce tana da kishi ne, alhali duk hostal an san ta da shi.

Akwai kuma wani abu da ke sa saƙon ya yi saurin shiga. A 1985 wani masani ɗan Beljiyam, Jozef Nuttin, ya nuna cewa idan aka ba mutane haruffa aka ce su zaɓi waɗanda suka fi burge su, sukan karkata ga haruffan da ke cikin sunansu, musamman na farko, ba tare da sun lura da dalilin ba. An sake gwajin a harsuna da dama an samu haka. Wannan kam gaskiya ne. Amma a lura da abin da yake cewa: muna son harafinmu saboda muna son kanmu. Bai ce harafin ne ya ƙera halinmu ba. Shi ya sa 'yan mata ke sayen sarƙa mai harafin sunansu, shi ya sa kuma idan ka ga jerin nan kake tsallake na kowa ka sauka kan naka.

Wasu sun so su ja maganar ta fi haka nisa. A 2002 Brett Pelham da abokan aikinsa suka wallafa cewa masu suna Dennis sun yi yawa a cikin likitocin haƙori a Amurka, wai saboda sunan ya yi kama da dentist, kalmar Turanci ta wannan sana'a. Labarin ya yi farin jini, ya shiga littattafai. A 2011 Uri Simonsohn ya sake duba alƙaluman, sai ya ga masu suna Dennis sun yi yawa a cikin lauyoyi ma. Dalilin shi ne akwai zamanin da ake yayin sunan, kuma waɗanda aka haifa a lokacin su ne suka kai shekarun cika ofisoshi. Wannan darasin ya fi kowanne zauna mini, don shi ne ainihin abin da ake koya mana: abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. In ka ƙirga masu haƙuri a makarantar nan za ka samu masu M da yawa. In ka ƙirga masu faɗa ma haka, saboda Muhammad, Musa, Mustafa da Maryam sun cika ko'ina.

Da na je hutu na kai wa kawuna maganar, shi da ya yi karatun tsangaya. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai wannan tsohon zance ne aka sa masa sabuwar riga." Ya nuna mini hisabi, inda kowane harafin Larabci ke da lamba: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa 1000. Sunan Muhammad, misali, 92 yake bayarwa. Malamanmu na da sun yi amfani da wannan wajen ramzi, wato ɓoye shekarar da aka rubuta waƙa a cikin wata kalma, kuma wannan lissafi ne tsantsa. Masu duba ne suka ɗauke shi suna haɗa sunan mutum da na mahaifiyarsa don su faɗi ko aure zai yi kyau.

Na ce, "To Kawu, shi wannan yana aiki?"

Ya ce in lura da abu ɗaya. Harafin sin a lissafin mutanen gabas 60 ne, a lissafin Magariba da muka gada a nan kuwa 300 ne. Sulaiman ɗaya, lamba biyu. In ya je wajen mai duba a Masar a ba shi wata amsa, in ya dawo Kano a ba shi wata. Ya ƙara da cewa malamai sun yi hani da zuwa wajen masu da'awar sanin gaibu, kuma shi bai ga bambanci ba don kawai abin ya koma cikin waya.

Wani zai ce ai Hausawa sun ce suna linzami. Haka ne, kuma Annabi (SAW) ya canza wa wasu sahabbai suna, kamar 'yar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Amma ma'ana aka duba a nan, ba harafi ba. Yaron da ake kira da suna mai kyau, ana ba shi labarin mai sunan, yana iya tasowa da son ya yi kama da shi. Wannan tarbiyya ce, kuma ana iya ganin hanyar da take bi ta yi aiki. Harafi kuwa ta ina zai bi?

Wuri ɗaya na samu inda harafi ke taɓa rayuwar mutum da gaske, kuma ba ruwansa da hali. Layi ne. A 2006 Liran Einav da Leeat Yariv suka duba malaman tattalin arziki a manyan jami'o'in Amurka, suka ga waɗanda sunan danginsu ke farkon jerin haruffa sun fi samun tabbatar da kujerarsu. Dalili kuwa, a fannin ana jera sunayen marubuta maƙala bisa haruffa, na farko shi ake yawan ambata. Da suka duba fannin halayyar ɗan Adam, inda ba haka ake jerawa ba, ba su ga wannan bambancin ba. Ni da sunan mahaifina ya fara da Z na san wannan tun firamare. A ajinmu bisa haruffa ake kira, kuma ranar kare furojet na riga na san sai malamai sun gaji, yunwa ta kama kowa, sannan za a zo kaina. In ƙungiyarmu ta ɗalibai na neman abin da za ta kai wa hukuma game da haruffa, to ga shi: a riƙa juya jerin, wani zangon a fara daga ƙasa, ko a yi ƙuri'a.

Ita kuwa ƙawata, a daren kwana na uku na tura mata bayanin S ɗin nan, amma na canza shi zuwa harafin sunan yayanta, wanda take ji da shi kamar me. Ta karanta ta ce lallai akwai abubuwan da suka yi kama da Yaya. Na nuna mata na asalin, ta yi shiru, sannan ta jefe ni da filo. Da ta ɗauki wayar saurayin washegari, ashe mahaifiyarsa aka kwantar a asibiti tun daren Juma'a, kuma kwana ukun nan abin da yake ta kira ya gaya mata ke nan. An kawo kuɗin gaisuwar a hutun da ya wuce. Har yanzu bai san harafin sunansa ya kusa jawo masa ba, kuma ta roƙe ni kada in faɗi sunanta a nan.