JIRAN RUWAN SHUKA
Darasi Domin Gidajen Masu Bi

Kafin a soma, a karanta Yaƙub 5:7-11 da Farawa 41:25-49.

Muna ƙasar Bagudo, a bakin Kogin Kwara, inda Jihar Kebbi ta yi iyaka da ƙasar Benin. Ga hunturu yana ban kwana da mu. Da asuba tsofaffi suna jin ɗumi a bakin murhu har yanzu, amma kafin tsakar rana kowa ya nemi inuwa. Ƙura ta kwanta a kan kwanuka, diddigen yara ya yi faso, mangwaro ya zubar da fure ya soma 'ya'ya. An gama kaka, bazara tana ƙofa, ruwan shuka kuwa sai wajen watan Mayu, wata shekara ma har Yuni.

Mutane da yawa su kan ɗauka wannan lokacin zaman banza ne, su shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, su ce suna jiran Allah. Amma ko gida zai ci tuwo a watan Agusta, ko zai kwana da yunwa, a Fabrairu da Maris a ke yanke maganar. Saboda haka bari mu duba abin da Maganar Allah ta ke koya mana a kan jira.

1. Haƙurin manomi

Manzo Yaƙub ya rubuta wa masu bi waɗanda su ke shan wahala, ya ce su dubi manomi su koyi haƙuri. Ya ambaci ruwa iri biyu. A ƙasar Falasɗinu ruwan fari ya kan sauka wajen Oktoba da Nuwamba, ya jiƙa ƙasa a yi shuka. Ruwan ƙarshe kuma wajen Maris da Afrilu, shi ne ya ke cika ƙwaya. Lokacinsu ya bambanta da namu, amma darasin ɗaya ne. Manomi ba shi da ikon jawo gajimare ko da na yini ɗaya. Duk da haka ba ya naɗe hannu. Ya san abin da ke hannun Allah, ya kuma san abin da Allah ya sa a hannunsa.

Haƙurin mai bi ke nan: ya bar wa Allah ruwa, shi kuwa ya wasa fartanya. Wanda ya ce yana da bangaskiya, amma galmarsa tana kwance da tsatsa, bai kai ta wurin maƙeri ba sai ran da aka yi ruwa, wannan ba haƙuri ya yi ba, ragonci ne.

2. Rumbu da iri

Sa'ad da Allah ya nuna wa Yusufu shekara 7 na ƙoshi da shekara 7 na yunwa, shawarar da ya ba Fir'auna ita ce a ware kashi 1 cikin 5 na amfanin ƙasa a ajiye. Ruhun Allah yana tare da shi, duk da haka ya yi lissafi. Ashe ƙidaya ba rashin bangaskiya ba ne.

Bari maigida da uwargida su buɗe rumbu tare su ƙidaya. Daga farkon Maris zuwa lokacin da za a ci tumu, wajen mako 26 ne. A ce gida yana cin dami 2 a mako, to dami 52 a ke bukata. In dami 40 ne a rumbu, ga giɓin mako 6 ke nan, zai kuwa faɗo daidai lokacin da hatsi ya fi tsada, aikin gona kuma ya fi nauyi. Gwamma a san wannan yau, tun ana iya rage awo, a sayi hatsi da sauƙi, ko a nemi aikin rani. Uwargida ce ta san abin da tukunya ke ci. Maigidan da ya ɓoye mata lissafin rumbu, kansa ya cuta.

Mun san wani ɗan'uwa, mutumin kirki ne, mai zuwa sujada kullum. A ƙarshen wani hunturu ya aurar da 'yarsa. Domin kada a ce ya gaza, ya kwashe rumbu ya kai kasuwa, har da damman da ya ware domin iri. Aka ci, aka sha, aka yabe shi kwana 3. Da ruwa ya sauka maƙwabta suka fita shuka, shi kuwa yana yawon neman rance. Wanda ya ba shi buhu 1 ya ce a biya shi 2 da kaka. Kafin ya sami iri ruwan fari ya wuce, gonarsa ta yi baya. Shekara 3 ya yi yana noma wa mai bashi. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, gama mu ma mun ci tuwon bikin, ba kuwa wanda ya tambaye shi daga ina ya fito. Mun tuba da wannan.

Iri amana ne, ba abinci ba ne, ba kuma kuɗin biki ba. A zaɓi zangarniya masu kyau a rataye su daban. A gwada irin tun yanzu: a ɗauki ƙwaya 20, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa har mako 1. In 16 ko fiye suka tsiro, iri yana da kyau. In ba su kai ba, a nemi wani tun da sauran lokaci. Wake kuma a zuba shi cikin buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure da kyau, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu. Kada a ajiye ƙwayar maganin ƙwarin hatsi a ɗakin da mutane ke kwana, gama iskarta tana kisa.

Ga masu hali kuma akwai magana. Fitowa 22:25 ta hana mutanen Allah cin ruwa a kan matalaucin da ya zo rance. Wanda ya ba ɗan'uwansa buhu 1 da bazara domin ya karɓi 2 da kaka, ta yaya za su zauna a teburin Ubangiji tare?

3. Jinka da danga

Mai-Wa'azi 10:18 ya nuna mana cewa ragonci ne ke sa ɗaki ya yi yoyo. Yanzu ne lokacin baibaya, tun shuci yana samuwa. Yanzu ne a ke yaɓe, a ke buga tubali, a ke gyara danga, a ke tuƙa igiya, a ke yin sassabe, a ke kai taki gona. Iskar da ke zuwa gaban ruwan fari ba ta tambayar ko an shirya. Kwanon da ƙusarsa ta yi sako-sako, a gonar wani za a tsince shi. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

A yi hankali da wuta. Komi ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. Kada a aiki ƙaramin yaro ɗebo wuta, kada a ajiye man fetur a ɗakin kwana, kada kuma a kwana da garwashi cikin rufaffen ɗaki, gama iskar gawayi tana kashe mutum cikin barci. Mai ƙona gona ya tuna da Fitowa 22:6, inda aka ɗora wa wanda ya kunna wuta biyan abin da ta cinye.

Wannan kuma shi ne lokacin sanƙarau. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso cikin ɗaki kuma yana yaɗa ciwon. A 1996 ya hallaka dubban mutane a Arewacin Nijeriya, a 2017 kuma ya sāke ɓarkewa, har da Kebbi. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, wuyansa ya sandare, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce sai gobe. A yi addu'a a kan hanya, a kai shi asibiti nan da nan. In ma'aikatan lafiya sun zo allurar rigakafi, bari gidajen masu bi su zama na fari a layi.

4. Masu cin rani da waɗanda suka rage a gida

Da an gama kaka samarinmu su kan watsu. Waɗansu su gangara fadama noman albasa da shinkafa, waɗansu su shiga su, waɗansu su bi ta Lolo ko ta Tsamiya su haye Benin, zuwa Malanbil, ko Kandi, ko Paraku, waɗansu kuma har Ikko. Neman halal ba laifi ba ne. Manzo Bulus da kansa ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa. Amma akwai tarko biyu.

Na fari, kuɗin sauri. A bakin iyaka kullum akwai mai raɗa wa saurayi cewa dare ɗaya na fasa-ƙwauri ya fi wata guda na ban ruwa. Iyaye, kada mu karɓi kuɗin da ba mu san asalinsa ba, mu ce Allah ya buɗe hanya. Mu tuna kuma iyaka ba gona ba ce. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa, waɗanda suka yar da fartanya suka dogara ga hanya kaɗai suka sha wuya.

Na biyu, mantuwa da gida. Mutum ya tafi wata 4, ba aike, ba ko waya. Matarsa ce ke surfe da daka, ita ce ke ɗiban ruwa sa'ad da rijiya ta yi nisa, ita ce ke neman itace, ita ce ke sayar da daddawa ta biya kuɗin makaranta. A 1 Timothawus 5:8 an yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Mai tafiya ya bar abinci a gida, ya nemi ekklesiya inda ya sauka, ya kuma komo kafin shamuwa ta iso. Dattawan ekklesiya su riƙa leƙa gidajen da maza ba su nan.

5. Ruwan da ya fito daga nesa

Ku dubi Kwara a watan Janairu da Fabrairu. Wata da watanni ba a yi ko ɗigo a nan ba, amma kogi yana da ruwa. Daga ina? Ruwan da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini ne tun damina. Ya bazu cikin manyan fadamun ƙasar Mali, ya daɗe a can, sa'an nan ya gangaro sannu sannu, ya wuce Yamai da Gaya, ya iso wurinmu a tsakiyar rani. Manomin albasa yana ban ruwa da ruwan da ya sauka a ƙasar da bai taɓa gani ba. Tun bai roƙa ba Allah ya riga ya sa shi a hanya.

Haka Allah ya ke so ekklesiya ta zama. A Ayyukan Manzanni 11:27-30, da masu bi na Antakiya suka ji za a yi yunwa, ba su jira sai ta zo ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Tsofaffinmu suna tuna farin 1973 da na 1984. Mu kuma mun ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. Wahala ba ta aiko da goron gayyata.

Ga shawararmu. Kowace ekklesiya ta kafa rumbun taimako tun yanzu. Mai dami ya kawo dami, mai kwano ya kawo kwano. A sa mutum 3 masu aminci su riƙe lissafi, da mace a cikinsu, a karanta shi a gaban jama'a. Da damina a ba gwauraye da marayu kyauta, a ranta wa mabukata iri, kwano 1 a mayar da kwano 1. In maƙwabcinmu Musulmi ya zo, ko Bafulatanin da shanunsa suka takince mana gona, kada a mayar da shi hannu wofi. Allah ba ya tambayar gonar wa ce kafin ya sauko da ruwa.

6. Ɗan gajimare

Iliya ya durƙusa a bisa Dutsen Karmel yana addu'a bayan dogon fari. Ya aiki baransa ya duba wajen teku, ya komo ya ce ba komi. Sai a zuwa na 7 ya hango ɗan gajimare, girmansa bai wuce tafin hannu ba (1 Sarakuna 18:41-45). Watakila a gidanku akwai abin da kuka daɗe kuna jira: haihuwa, ko lafiya, ko tuban ɗan da ya bauɗe. Sau 6 an duba, ba komi. Kada ku tashi daga gwiwa.

Daren wannan lokaci ba gajiyar gona. Bayan tuwon dare a tara iyali, a karanta sura guda, a koya wa yara da manya karatu, a yi addu'a. In akwai gaba tsakanin miji da mata, ko tsakanin wa da ƙane, a shirya tun kafin damina, gama Yaƙub ya haɗa haƙuri da barin gunaguni a kan juna.

Bikin Tashin Ubangiji kullum ya kan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato a tsakiyar bazararmu, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau. Mun san binne: manomi ya sa iri cikin busasshiyar ƙasa ya rufe, mai wucewa ya ce hasara ce. Da ruwa ya sauka sai gona ta yi kore. A Yohanna 12:24 Yesu ya kwatanta mutuwarsa da ƙwayar da aka binne. An sa shi a kabari, a rana ta uku ya tashi. Shi ne kuma mu ke jira ya komo. Bari ya iske mu a shirye, da rumbunmu da zuciyarmu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin haƙuri da ragonci?
2. Dami nawa ne a rumbunku, mako nawa kuma za su kai ku?
3. Wane gida ne a ekklesiyarku zai rasa iri bana? Me za ku yi kafin Lahadi mai zuwa?

A haddace Yaƙub 5:8.

Addu'a: Ya Ubanmu, kai ne mai ruwan fari da na ƙarshe. Ka koya mana jira ba tare da ragonci ba, da aiki ba tare da alhini ba. Ka tsare gidajenmu daga gobara da ciwo da bashi, ka komo da matafiyanmu lafiya. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.