Mai ciwon huhu, kada ka daina tafiya

A Wurno da Rabah da Goronyo, da zarar fuka ko tsohon ciwon huhu ya kama mutum, sai 'yan uwa su ce ya kwanta ya huta, wai motsi na ƙara ciwon. Tausayi ne, amma yawan kwanciya na raunana tsokar ƙafafu, har tafiya masallaci ta zama da haki.

Fara da tafiyar minti 5 zuwa 10 kullum, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Shaƙi iska ta hanci, ka fitar da ita a hankali ta baki kana tsuke leɓɓa. Haki kaɗan ba laifi ba ne. Amma in ƙirji ya yi ciwo ko jiri ya ɗebe ka, tsaya nan take.

Lokacin hunturu, bari rana ta ɗaga kafin ka fita, ka rufe hanci da rawani ko takunkumi. Nisanci hayaƙin itace da ƙurar sussukar shinkafa a fadama. Maganin shaƙarka ya kasance a aljihu.

Tarin da ya wuce mako 2 kuwa, a je asibiti a gwada. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Don Allah, a raka marasa lafiyarmu tattaki.